Kwaskwarimar Wasannin Yaƙi na Kwamfuta: Yadda 'Yan Wasa Suka Zama Maƙera

Duk wanda ya taɓa zama a bakin dara ya san cewa wasan abu biyu ne a haɗe. Akwai gurabun da aka haƙa a ƙasa da 'ya'yan da kowane ɗan wasa ke riƙe da su, akwai kuma ƙa'idojin da aka yarda a kansu, waɗanda ba a ganin su da ido. Idan mutum biyu suka ga dama suna iya barin gurabun yadda suke, su sauya ƙa'ida guda, alal misali su ce sai an jera 'ya'ya huɗu maimakon uku kafin a ci. Ba a sake haƙa ko gurbi ɗaya ba, amma wasa ya zama wani daban. Haka abin yake ga wasannin na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta. Kamfani ne ke ƙera wasa ya sayar, sa'an nan wasu daga cikin waɗanda suka saya su buɗe cikinsa su sauya ƙa'idoji, ko su ƙara masa abin da babu. Turawa na kiran wannan aiki da kalmar “mod”. A nan za a kira shi kwaskwarima.

Wasannin da ake magana a kansu

Dara wasa ne na bi da bi: wannan ya saka ɗansa, ya jira wancan. Akwai kuma wasannin da ba a jiran kowa, kamar langa, inda kowa ke motsi a lokaci guda, wanda ya tsaya tunani kuwa a ture shi. Wasannin dabarun yaƙi na nan take irin na biyun ne. Ɗan wasa yana kallon fili daga sama a allon kwamfuta. Zai tura ma'aikata su saro itace ko su haƙo ma'adini, ya gina bariki da abin da suka tara, ya horar da mayaƙa, ya aika da su su rushe sansanin abokin gaba, shi ma abokin gaban yana can yana yin haka ba tare da an dakata masa ba.

Wasan da ya kafa wannan tsari shi ne Dune II, wanda kamfanin Westwood na ƙasar Amurka ya fitar a 1992. Warcraft na kamfanin Blizzard ya biyo baya a 1994, sai Command & Conquer a 1995, da Red Alert a 1996, da Age of Empires a 1997, da kuma StarCraft a 1998. A kan waɗannan wasanni da magadansu ne aka yi mafi yawan kwaskwarimar da za a duba.

Inji da bayanai

Abin da ya sa kwaskwarima ke yiwuwa shi ne yadda maƙera ke raba wasa gida biyu. Kashi na farko shi ne inji, watau manhajar da ke zana hotuna, ta nemo wa soja hanyar da zai bi ya kewaye dutse ko kogi, ta lissafa wanda ya harbi wani. Wannan an riga an juya shi zuwa harshen na'ura, karanta shi sai gwani. Kashi na biyu shi ne bayanai: kuɗin kowane soja, da saurin tafiyarsa, da nisan harbinsa, da yawan dukan da zai sha kafin ya faɗi, da hotonsa, da muryarsa, da taswirar filin daga. Injin bai san mene ne doki ko tankar yaƙi ba. Lambobi kawai yake karantawa ya yi aiki da su.

Ba don 'yan wasa aka yi wannan rabo ba tun farko. Maƙeran ne da kansu ke bukatarsa, domin mai tsara wasa yakan sauya lamba sau da yawa a yini guda yana gwadawa, kuma ba zai yiwu a riƙa sake harhaɗa injin duk lokacin da ya yi haka ba. Sai dai ƙofar da aka bari don masu gida, baƙo ma yana iya bi ta nan.

Red Alert ya zama misali na kowa da kowa. Ƙa'idojinsa suna cikin wani fayil mai suna rules.ini, wanda rubutu ne tsagwaro da ake iya buɗewa da kowace manhajar rubutu. A ƙarƙashin alamar E1, watau ƙaramin soja mai bindiga, an rubuta cewa kuɗinsa 100 ne, ransa kuma 50. Duk wanda ya ciro fayil ɗin daga cikin kunshin wasan, ya mai da 100 ta koma 10, ya ajiye shi a inda wasan yake, to da zarar ya kunna zai tarar soja ya yi arha. Yara da yawa a Turai da Amurka ta nan suka fara gane cewa abin da ke faruwa a allo ba siddabaru ba ne, umurni ne da wani mutum ya rubuta, wani kuma yana iya gogewa.

Akwai wani sharaɗi guda da ya kamata a sani. Idan mutum biyu suna karawa ta intanet, ba hoton filin daga ake aikawa tsakanin kwamfutocinsu ba, domin layukan tarho na shekarun 1990 ba za su iya ɗaukar wannan nauyi ba. Umurnin da kowa ya bayar kaɗai ake aikawa, kowace kwamfuta kuma ta lissafa yaƙin gaba ɗaya da kanta. Saboda haka tilas ne lambobin ɓangarorin biyu su zama iri ɗaya tak. Idan sojan da ke da rai 50 a nan yana da 60 a can, zai mutu a allo ɗaya ya rayu a ɗayan, daga nan wasannin biyu su rabu, kowanne ya kama gabansa. Shi ya sa ba a iya karawa da kwaskwarima sai kowa ya ɗora irinta, har zuwa lambar sigarta.

Inda lissafi ya shigo

Sauya lamba abu ne mai sauƙi. Wahalar tana wajen sanin abin da sauyin zai haifar, kuma a nan ne mafi yawan sababbin shiga ke tuntuɓe.

A ɗauka akwai runduna biyu ta 'yan bindiga masu ƙarfi ɗaya, ta farko mutum 10, ta biyu mutum 5. Kowane soja yana da rai 5, kuma a kowane zagaye yana yin harbi ɗaya da ke rage rai 1. Wanda bai zurfafa tunani ba zai ce biyar za su kashe biyar, a bar babbar runduna da mutum biyar. Ba haka lissafin ke bayarwa ba. A zagaye na farko mutum goma sun yi harbi 10, sun kayar da mutum biyu, su kuwa biyar sun yi harbi 5, sun kayar da mutum ɗaya. A zagaye na biyu tara ne ke harbin uku. Ƙaramar runduna, wadda jimlar ranta ta koma 15, ta sake rasa 9, saura 6, watau mutum biyu, ɗayansu da ƙyar yake tsaye. Harbi 3 da ta mayar bai isa ya kashe kowa ba. A zagaye na uku an gama da ita, harbinta 2 na ƙarshe kuma ya ƙarasa wanda ta ji wa rauni. An tashi babbar runduna tana da mutum 8. Ta kashe biyar, ta rasa biyu kacal.

Dalili kuwa shi ne yawa yana amfani ta fuska biyu a lokaci guda: masu yawa sun fi yin harbi, kuma duk wanda suka kayar ya rage harbin da za a mayar musu. Wani injiniya Baturen Ingila mai suna Frederick Lanchester ya bayyana wannan a 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya nuna cewa inda kowa ke iya harbin kowa daga nesa, ƙarfin runduna yana tafiya ne da yawanta idan an ninka shi da kansa. Goma sau goma 100 ne, biyar sau biyar 25. Idan aka ɗebe 25 daga 100 saura 75, lambar da za a ninka da kanta ta ba da 75 kuwa tana tsakanin 8 da 9. Ga shi ya yi daidai da abin da aka samu a sama.

To, sai a dubi abin da wannan ke nufi ga mai kwaskwarima. Ya ga wani soja ba a cika amfani da shi ba, sai ya rage kuɗinsa daga 100 zuwa 50, a zatonsa ya ninka amfaninsa sau biyu. Alhali mai 500 a hannu yanzu zai sayi goma maimakon biyar, ƙarfinsa a fagen fama ya ninku sau huɗu. Kafin mako ya zagayo kowa ya bar sauran mayaƙa ya koma kan wannan, wasan da ke da dabaru ashirin ya koma mai dabara ɗaya. Gyaran gangar auzinawa ke nan.

Dokar Lanchester tana da iyaka. Idan faɗan na takobi ne a ƙofar gari mai ƙunci, inda mutum biyu ko uku ne kaɗai za su iya fuskantar juna, yawa ba ya yin wannan tasiri, domin na baya jira kawai suke yi. Maƙera kuma sukan karya ƙarfin yawa da gangan ta hanyar sa kowane irin mayaƙi ya zama yana da maganinsa. A Age of Empires II, masu māshi suna da ƙarin ɓarna a kan dawaki, dawaki suna cim ma 'yan baka kafin su yi harbi da yawa, 'yan baka kuwa suna zubar da masu māshi tun daga nesa. Taɓa lamba ɗaya a cikin wannan zobe yana motsa sauran duka. Don haka ƙwararren mai kwaskwarima yana aiki ne kamar ɗalibi a ɗakin gwaje-gwaje: ya sauya abu ɗaya tak, ya bar sauran yadda suke, ya maimaita karawar sau da yawa, ya rubuta sakamako. Wanda ya sauya abu biyar a tashi ɗaya, ko wasan ya gyaru ba zai san wanne ne ya gyara shi ba.

Taswirar da ta zama sana'a

Da kamfanoni suka ga 'yan wasa na son wannan aiki, sai wasunsu suka fara haɗa wasanninsu da manhajar zana taswira. Wadda Blizzard ya saka a StarCraft ba tsaunuka da koguna kawai take zanawa ba, tana kuma karɓar sharuɗɗa irin na “idan kaza ya faru, a yi kaza”. Idan soja ya taka wuri kaza, a buɗe ƙofa. Idan daƙiƙa talatin ta wuce, a fito da sababbin mayaƙa. Wannan shi ne tushen rubuta manhaja, ko da mai yin sa bai san sunansa ba. Da irin waɗannan sharuɗɗa wani mai laƙabin Aeon64 ya ƙera taswirar Aeon of Strife, inda ya cire gine-gine da tara dukiya, ya bar ɗan wasa da jarumi guda.

Warcraft III ya fito a 2002 da manhajar taswira da ta fi waccan ƙarfi nesa ba kusa ba, har da harshen rubuta umurni mai suna JASS. Wani ɗan wasa mai laƙabin Eul ya ɗauki dabarar Aeon of Strife ya gina Defense of the Ancients, wadda aka taƙaita da DotA, ta bazu a 2003. Tsarinta shi ne ƙungiya biyu, kowace mutum biyar, kowane mutum da jaruminsa ɗaya. Hanyoyi uku ne suka haɗa sansanonin biyu, da hasumiyoyin tsaro a kan kowace. Ƙananan mayaƙa da kwamfuta ke sarrafawa suna fitowa lokaci-lokaci su bi hanyoyin, jarumai kuma su samu zinariya da ƙwarewa ta wajen kashe su. Ƙungiyar da ta rushe babban ginin da ke tsakiyar sansanin abokan gaba ita ta ci.

Eul bai daɗe yana kula da taswirar ba. Wasu suka yi ta fitar da nasu rassan, har aka tattara jaruman da suka fi farin jini a reshe ɗaya mai suna DotA Allstars, wanda Steve Feak, mai laƙabin Guinsoo, ya jagoranta. A 2005 ragamar ta koma hannun wani mai laƙabin IceFrog, wanda bai yarda ya bayyana kansa ga jama'a ba. Abin da ya ɗaukaka shi ba ƙirƙiro sababbin abubuwa ba ne kawai. Haƙurin daidaita lambobi ne. Jaruman sun yi ta ƙaruwa har suka haura ɗari, kowanne da dabarunsa, kuma shekara da shekaru yana fitar da siga bayan siga, a rage wa wannan kaɗan, a ƙara wa wancan kaɗan, bisa ga abin da dubban karawa suka nuna. Ana iya cewa wannan aikin da ba ya da armashi a ido shi ne ya mai da taswira ta zama wasan da ake gasa a kansa.

Daga nan sai kuɗi suka shigo. Feak ya koma kamfanin Riot Games, wanda ya fitar da League of Legends a 2009. A shekarar ce kuma kamfanin Valve ya ɗauki IceFrog aiki, aka ƙera Dota 2. An nuna shi ga duniya a 2011 da wata gasa a birnin Kolon na Jamus, inda ƙungiyar Natus Vincere ta ƙasar Yukren ta lashe dala miliyan 1. A gasar 2021 da aka yi a Bukares ta ƙasar Romaniya jimlar kyautar ta kai dala miliyan 40, ko da yake ta ragu ƙwarai a shekarun da suka biyo baya.

Na wane ne?

Nan fa aka zo ga tambayar da ba ta da amsa mai sauƙi. Injin na Blizzard ne, hotunan ma nasa ne. Ƙa'idojin kuwa na mutanen da suka yi aiki kyauta ne, wasunsu ba a ma san sunayensu ba. Da Valve ya nemi yin rajistar sunan Dota a matsayin tambarin kasuwancinsa, Blizzard ya ƙalubalance shi. An sasanta a watan Mayu na 2012: Valve ya riƙe sunan don kasuwanci, 'yan wasa suka ci gaba da amfani da shi a taswirorinsu na kyauta, shi kuwa Blizzard ya sauya sunan wasan da yake ƙerawa, wanda ya fito a 2015 da sunan Heroes of the Storm, bai kuma kamo ƙafar waɗancan biyun ba.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Lokacin da Blizzard ya sabunta Warcraft III a watan Janairu na 2020, sharuɗɗansa sun tanadi cewa duk wasan da aka ƙera da manhajar taswirarsa mallakin kamfanin ne. Masu kwaskwarima da yawa ba su ji daɗin haka ba, kuma suna da hujja, domin da wuya mutum ya zuba shekaru yana noma gonar da aka gaya masa tun farko cewa amfanin ba nasa ba ne. Wasu kamfanonin sun bi wata hanyar. Electronic Arts, wanda ya sayi Westwood a 1998, ya saki asalin rubutun manhajar wasu tsofaffin wasannin Command & Conquer ga kowa, wani kashi a 2020, ƙari kuma a 2025. Akwai ma waɗanda suka ga gara su gina nasu injin. Wasan 0 A.D. ya fara ne a 2001 a matsayin kwaskwarimar Age of Empires II, daga baya masu shi suka mai da shi wasa mai zaman kansa, suka buɗe rubutun manhajarsa a 2009. Kyauta ake sauke shi, kuma fayilolin ƙa'idojinsa a buɗe suke ga duk ɗalibin da ke son ya gwada hannunsa.

Daga kwaskwarima zuwa Kano

Age of Empires II ya fito a 1999, ƙarinsa na farko a 2000, daga nan aka yi fiye da shekara goma ba a ƙara masa komai ba. Kamfanin Ensemble da ya ƙera shi ma an rufe shi a 2009. 'Yan wasa ne suka hana shi mutuwa. Wani rukuni nasu daga ƙasashe daban-daban, ƙarƙashin jagorancin Bert Beeckman ɗan ƙasar Beljiyam, suka ƙera kwaskwarima mai suna Forgotten Empires, suka sake ta a watan Disamba na 2012 da sababbin al'ummu biyar. Kamfanin Microsoft, mai mallakar wasan, bai hana su ba. Sai ma ya jawo su jika, aikinsu ya fito a 2013 a matsayin ƙari na hukuma, rukunin kuma ya zama kamfani. A 2015 suka fitar da The African Kingdoms, wanda ya kawo Mali da Habasha da Barbar, har da labarin Sundiyata, wanda ya kafa daular Mali.

Wannan kamfani yana cikin waɗanda suka sabunta Age of Empires III a 2020. A watan Agusta na 2021 aka yi wa wasan ƙari mai suna The African Royals, wanda ya shigo da Habashawa da Hausawa. Cibiyar Hausawa a wasan ita ce Kano, jagorarsu Sarauniya Amina, cikin mayaƙansu kuma akwai barden lifidi da maigadi da ɗan baka Bafillace. Ɗalibin tarihi zai lura nan da nan cewa Amina ta Zazzau ce, ba ta Kano ba. Wasan ya dunƙule garuruwan Hausa ne wuri ɗaya don sauƙin tsari, kamar yadda ya yi wa sauran al'ummu. Bai kamata a ɗauke shi littafin tarihi ba. Sunan gari da na jagora dai suna cikin kashin bayanai ne, ba cikin inji ba.

Aikin aji

Malami yana iya gwada darasin daidaita lambobi ba tare da kwamfuta ba, da tsakuwa da allo kawai. A ware tsakuwa 10 a gefe ɗaya, 5 a ɗaya gefen, a matsayin 'yan baka, kowane da rai 5. Jimlar ran babbar runduna 50 ke nan, na ƙarama 25. A wannan karon sai a ce kowane ɗan baka na ƙaramar runduna gwani ne, kibiyarsa tana rage rai 4, ta sauran kuwa 1. A kowane zagaye ɓangarorin biyu su yi harbi tare, a ɗebe jimlar ɓarna daga jimlar rai, a cire tsakuwa ɗaya duk lokacin da rai 5 ya ƙare, wanda aka ji wa rauni kuma ya ci gaba da harbi har sai ya faɗi. Kafin a fara, kowane ɗalibi ya rubuta ɓangaren da yake zaton zai ci. Idan an bi lissafin daidai, ran babbar runduna zai sauka daga 50 zuwa 30, 18, 10, 6, 2, na ƙarama kuma daga 25 zuwa 15, 9, 5, 3, 1, a zagaye na shida kuwa su ƙare tare. Daga nan sai a mai da ƙarfin kibiyar gwanaye ya koma 3, a sake gwadawa, a ƙirga mutum nawa za su rage a babbar runduna.